Yadda Muke Kashe Batiran Sola da Hannunmu

A wannan makon na jingine batun siyasa da na tsaro, zan yi magana a kan wani baƙin akwati mai nauyi da ke ajiye a lungun ɗakunan da yawa daga cikinmu, wanda ba ma tuna shi sai ranar da ya daina aiki. Ina nufin batirin sola ko na inbata. Abin da ya jawo maganar kuwa ziyara ce da na kai Tsafe kwanan baya, inda na tarar da ɗan yayata zaune a ƙofar shagonsa na cajin waya, ya yi tagumi, tamkar wanda aka yi wa rasuwa.

Na tambaye shi lafiya, ya ce, "Kawu, batirin nan ya mutu. Ko shekara bai cika ba. Da magariba ta yi sai inbata ta fara kuka, kafin isha'i komai ya ɗauke." Da kuɗin tumakin mahaifiyarsa biyu da ɗan abin da ya tara ya sayi batirin, kuma daga wannan shago ne yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Ya riga ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar masa. Ban yi masa musu ba, domin jabun kaya sun cika kasuwa. Amma da na leƙa cikin shagon sai na ga batirin a dasa ƙarƙashin rufin kwano mai zafi kamar tanda, faifan sola guda ɗaya tak a saman rufi ƙura ta rufe shi, ga wayoyi sun fi arba'in a jone, ga fanka, ga rediyo mai manyan lasifikoki. Na buɗe murafun batirin na haska, faranta na ciki sun fito tsirara saboda ruwa ya ƙafe. Na ce masa, "Yaro, ko na asali ne wannan batir, irin wannan riƙo ba zai bar shi ya shekara ba."

Ban faɗi haka don na fi shi wayo ba. Ni ma na yi asarar batura biyu a gidana da ke Gusau cikin wata goma sha huɗu, na zagi mai shago a zuciyata, na zagi wanda ya haɗa mini. Sai da na zauna na karanta takardar da ta zo da kayan, wadda na jefa a durowa tun ranar farko, sannan na gane yawancin laifin nawa ne. Ilimin da na saya da tsada shi nake so in raba wa mai karatu kyauta.

A ƙasashen Turai da Amurka, masu damuwa da lafiyar irin wannan batir galibi masu yawon shaƙatawa ne, waɗanda ke da motoci masu ɗakin kwana da kicin a ciki, su fita daji su yi kwanaki nesa da wutar gari. Idan batirinsu ya mutu, hutunsu ne ya ɓaci. Mu a nan kusan dukkanmu a zango muke, ko da muna tsakiyar birni. Makiyayi a rugarsa, ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa ya raɓe a kangon gini a bayan garin Gusau, mai cajin waya da ke bin kasuwannin ƙauye da ɗan faifansa a bayan babur, unguwarzoma a ƙaramin asibitin karkara a yankin Bunguɗu, ɗalibi mai karatun dare, duk batir ne fitilarsu. A ƙauyukan Tsafe, waya mai caji ita ce ke kai labari ga maƙwabta idan an hango baburan ɓarayin daji. Wanda ya rayu a jihar nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san yadda duniya ke ƙuntata idan waya ta yi shiru.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya gagari talaka da matsakaici. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. A Oktoban wannan shekarar kuma, bayan lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Waɗannan abubuwa uku suka tura jama'a ga sola. Faifan sola yana iya yin shekara ashirin yana aiki, inbata ma tana daɗewa in an kula da ita. Batir ne raunin haɗin, kuma shi ne mai tsada: babba guda ɗaya mai amfiya 200 ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 sau uku ko fiye. Don haka bambancin batirin da ya yi shekara ɗaya da wanda ya yi huɗu ko biyar, bambanci ne na buhunan gero da kuɗin makaranta.

Kafin a san yadda ake kula da abu, sai an san abin da ke cikinsa. Irin batirin da ya fi yawa a gidajenmu wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, shi ya sa ake kiran sa mai bolt 12. A kowane ɗaki akwai farantan dalma a nutse cikin ruwa mai haɗe da asid. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yakan taru a jikin farantan. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. Muddin ana cika batir a kan kari, wannan kai-komo yana tafiya lafiya. Amma idan aka bar shi kwana da kwanaki bai cika ba, gishirin sai ya daskare ya zama kamar tsakuwa, caji ba ya iya narkar da shi, kuma duk wurin da ya rufe a jikin faranti ya tashi aiki ke nan har abada. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe batura a wurinmu. Mai shi yakan ga batirin yana cika da wuri yana kuma ƙarewa da wuri, kamar randar da laka ta cinye rabin cikinta.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito, wato kada a riƙa shanye batir ƙarƙaf. Manomin kirki ba ya cin rumbunsa har ya haɗa da iri. Batirin dalma yana so a tsaya a rabinsa. Wanda ake shanyewa tas kullum, bayan 'yan ɗaruruwan caji ya gama yayi. Wanda ake tsayawa a rabi yakan ninka wannan sau biyu ko fiye. Da ƙaramar mita ta masu gyaran lantarki kowa zai iya aunawa. Idan aka cire komai aka bar batir ya huta na wasu sa'o'i, cikakke yakan nuna kimanin bolt 12.7, mai rabi kimanin 12.2, wanda ya sauka ƙasa da 11.9 kuwa ya kusa zama fanko. Abin takaici, inbatoci da yawa sukan zo daga kamfani an saita su kada su kashe kansu sai batir ya sauka zuwa 10.5, wato sai ya zube gaba ɗaya. Wannan kukan da inbata ke yi da tsakar dare muna juyawa mu ci gaba da barci, kukan batir ne da ake yanka. A ce wa mai haɗawa ya ɗaga ma'aunin zuwa tsakanin 11.5 da 11.8, in kuma haɗin na batura biyu ne mai bolt 24, a ninka lambobin. Gara fanka ta tsaya da ƙarfe uku na dare da a sayi sabon batir baɗi.

Ƙa'ida ta biyu lissafi ce, kuma ɗan firamare zai iya yin sa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya, rabinsa 1,200 ke nan, shi ne halaliyarka. Ɗauki gida mai fanka biyu, kowace wat 70, da talabijin mai wat 60, da ƙwan fitila biyar masu wat 10. Jimilla wat 250. In aka kunna su awa shida, an sha 1,500, a ƙara abin da inbata ke ci da kanta, ya kai wajen 1,750. Gidan da ke da batir ɗaya yana cin kusan kashi uku cikin huɗu na batirinsa kowane dare, ba a ma yi maganar firiza ba, balle dutsen guga ko hita da ke jan wat 1,000 ko fiye. To, wa zai mayar da abin da aka ci? Faifan da aka rubuta masa wat 300, a zafinmu da ƙurarmu, da wuya ya wuce 225. Rana mai ƙarfi kuwa kimanin awa biyar ce a yini. Ke nan faifai ɗaya yana kawo wajen 1,100, alhali ana bukatar fiye da 2,000 domin batir ba ya riƙe duk abin da aka zuba masa. Kullum ana bin batirin bashin da ba a biya, gishiri yana ta daskarewa. Mutanenmu idan wuta ba ta kai su asuba sai su ƙaro batir, alhali sau da yawa faifai ya kamata su ƙara. Wanda ya kasa ciyar da saniya ɗaya, ƙaro ta biyu ba zai kawo masa nono ba.

Ƙa'ida ta uku ta shafi yadda cajin kansa ke tafiya. Caji mai kyau hawa uku ne. Da farko wuta takan shiga da ƙarfi har batir ya kai wajen kashi tamanin cikin ɗari. Daga nan caja takan tsaya a kan bolt 14.4 zuwa 14.8 ga batir mai ruwa, wutar tana raguwa sannu a hankali na tsawon awa biyu ko fiye. A wannan hawa na biyu ne ragowar gishirin ke narkewa, kuma shi ne muka fi katsewa, domin da mun ga fitilar inbata ta nuna kore sai mu ce ya cika, mu jona kaya. Hawa na uku shi ne caja ta sauko wajen 13.5 ta riƙe batirin a cike ba tare da ta dafa shi ba. Ƙarfin wutar cajin kuma ya dace ya zama kimanin kashi goma cikin ɗari na girman batir, wato amfiya 20 ga mai amfiya 200. Batir rufaffe da ba a zuba wa ruwa yana son ƙasa da abin da mai ruwa ke so, na litiyom kuma nasa ma'aunin daban ne. Kowace kwantirola ta kirki tana da wurin zaɓar irin batirin da aka jona mata, amma sau nawa ake taɓa wurin? A ƙauyuka kuwa na sha ganin an jona faifai kai tsaye da batir ba kwantirola a tsakani. Faifan yana iya tura bolt 18 ko fiye, da tsakar rana batirin ya dinga tafasa, ruwansa ya ƙafe, cikinsa ya kumbura. Kuɗin ƙaramar kwantirola bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba. Araha dai ba ta ado.

Sai batun zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a wannan yanki. Shekarun da kamfani ke rubutawa a jikin kwali an auna su ne a yanayi mai digiri 25. Masana batir sun daɗe da sanin cewa kowane ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage rabin rayuwar batirin dalma. A watan Afrilu da Mayu zafin Gusau yakan kai digiri 40 a inuwa, ina ga ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin, ko akwatin ƙarfe da aka kulle a bakin titi. A nemi wuri mafi sanyi a gida, mai iska, nesa da murhu da hasken rana, a ɗora batir a kan katako ko benci, a bar tazara tsakanin ɗaya da ɗaya. Iskar tana da wani amfani kuma: batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai kama wuta yayin caji, saboda haka kada a kulle shi a ɗakin kwana, kada a kunna ashana ko sigari kusa da shi. Da bazara ya kamata a rage ma'aunin caji da kimanin bolt 0.3 ga kowane ƙarin digiri 10, wasu na'urorin ma suna da ɗan maƙalen da ke auna zafin batir su rage da kansu. Kowane lokaci na shekara da nasa ƙalubalen. Da hunturu ƙura ke rufe faifai, sai a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. A watan Agusta hadari ke tare rana kwana biyu ko uku a jere, sai a rage kayan da ake kunnawa, in an samu wutar gari ko janareta a bar batirin ya cika tam, aƙalla sau ɗaya a mako.

Akwai wani ruɗani da harshenmu ya haifar. A Hausa muna kiran asid "ruwan batir", muna kuma kiran tataccen ruwan da ake ƙara wa batir da wannan sunan dai. Sai ka aiki yaro ya sayo ruwan batir, a ba shi asid, ka juye a ciki da niyyar gyara. Abin da ke ƙafewa a batir ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan, ƙara masa wani asid kuwa cinye faranta yake yi. Tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, wanda aka turara aka tara tururinsa. Ruwan rijiya da na famfo da na leda duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke gurɓata batir. A duba ruwan duk wata, da bazara kuma duk mako biyu. A ƙara bayan batir ya cika caji, sai fa in faranta sun fito fili, to a fara rufe su da ruwa kafin a yi cajin. A kiyaye ido da hannu, a goge farin kumfan da ke taruwa a kan kawunan batir, a ɗaure wayoyi da kyau.

Kurakurai biyu suka rage da nake yawan gani. Na ɗaya, sayen batirin mota don aikin sola saboda ya fi sauƙin kuɗi. Batirin mota farantansa sirara ne, an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙu kaɗan ya tayar da inji, mota ta mayar masa nan take. In aka sa shi raya dare, 'yan watanni zai yi. Na sola farantansa masu kauri ne, an yi shi don jan dogon zango. Na biyu, haɗa sabon batir da tsoho, ko babba da ƙarami. Tsohon zai ja sabon zuwa matsayinsa, kamar a ɗaura san noma lafiyayye da gurgu a garma ɗaya. Mai hali ya duba batirin litiyom, wanda ke jure caji dubbai, ake iya shan kashi tamanin nasa ba tare da illa ba, kuma ba ya bukatar ruwa. Kuɗinsa na farko yana da yawa, shi ma ba ya son zafi, kuma dole caja ta dace da shi. A yi hattara da waɗanda ake harhaɗawa daga tsofaffin ƙwayoyi a sayar a matsayin sababbi.

Zan so mai karatu ya ƙara haƙuri da ni a kan abin da ke faruwa bayan batir ya mutu, domin mu 'yan Zamfara bai kamata a ba mu labarin dalma ba. A 2010 ne aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har da Bagega, sakamakon ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi musu magani. Fiye da rabin nauyin batirin da ke ɗakinka wannan dalmar ce. A ƙasar Senegal, a wata unguwa ta Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a unguwar don ciro dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Yau 'yan gwangwani na bin unguwanninmu suna sayen matattun batura, wasu su fasa su a bayan gida, su zubar da asid a kwata, yara na wasa a wurin. A 2024 hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da dokoki a kan tattara tsofaffin batura da sarrafa su, amma doka a takarda ba ta kare yaro sai an aiwatar. Kada a fasa batir a gida, kada a ajiye mataccen inda yara ke kaiwa, a mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho a rufe. Duk batirin da aka tsawaita wa rai daga shekara ɗaya zuwa huɗu, batura uku ke nan aka hana su zama shara a unguwa.

Ina da kira ga ɓangarori uku. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Gusau, su buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga matasan da ke haɗa sola, domin mafi yawansu da ido suka koya, ba wanda ya taɓa nuna musu ma'anar lambobin da ke jikin kwantirola. Hukumomin da ke kafa fitilun titi da rijiyoyin burtsatse da firjin allurar rigakafi masu aiki da sola su sa kuɗin kulawa da sauyin batir a cikin kasafi tun ranar farko, su kuma horar da wani ɗan garin da zai riƙa dubawa. Kowa ya bi hanyar Gusau zuwa Bunguɗu, ko ta Gusau zuwa Kwatarkwashi da Tsafe, ya ga turakun fitilu a tsaye ba haske. Dillalai kuma su ji tsoron Allah, su daina ce wa mai saye batir ɗaya zai ɗauki firiza da fanka huɗu har safe.

Ɗan yayata ya sake cin bashi ya sayi wani batirin. Wannan karon ya ƙara faifai, ya sa kwantirola, ya mayar da batirin ɗan ɗakin ƙasa da ke bayan shago, ya sayi mita ƙarama yana rubuta abin da ta nuna kowace safiya a bayan littafin bashinsa. Da na kira shi shekaranjiya ya ce, "Kawu, yau 12.4 na tarar, kuma ban kunna lasifika ba jiya." Na ce masa ya ci gaba da haka, mu ga abin da bazara za ta ce.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.